Kaset ɗin labarin korar baƙi daga Gana yana cin zare, ya za a yi?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu gyaran rediyo da rikoda, a taimaka. Kaset ne C-90, mai minti casa'in, na tsohuwar gidanmu, Allah ya jiƙanta, tana ba da labarin barinsu zangon Kumasi a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Shi kaɗai ne, babu kwafi.

Gefen A ya shiga kwamfuta lafiya ta manhajar ɗaukar sauti ta Audacity. Gefen B kuwa, da ya yi kamar minti goma sai murya ta fara rawa, zaren ya naɗe a jikin robar da ke jansa. An goge kan rikodar da ke karanta zare da sifirit, an sauya bel, an juya zaren da biro daga farko har ƙarshe. Duk da haka bai daina ba. Ɗan audugar nan da ke danne zare ya ɓalle, kuma gidan kaset ɗin manne yake, ba mai noti ba.

Shin a fasa gidan a mayar da zaren cikin wani? Wurin da ya tamuke kuma, kusan taƙi ɗaya, a yanke ko a miƙar? Salatif dai ina tsoronsa wajen haɗa zaren in an yanke, gam ɗinsa na narkewa.