Tumatina na langaɓewa da azahar alhali ƙasa na jiƙe

Mai Garka a Tawa:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da ƴar garka a bayan gari wadda na gada wurin babanmu, fangali ashirin na tumati da ɗan masara a gefe. Tun da Maris ya kama nake ba su ruwa da sassafe, amma da azahar sai ganyen tumatin ya langaɓe kamar an watsa masa ruwan zafi. Sai in tada inji in ƙara. Sati biyu ke nan, esansi ya cinye mini jikka biyar, ga ganyen ƙasa sun fara yin ɗorawa. Masarar kuwa nannaɗe ganye kawai take yi, la'asar na yi ta ware abinta. Ruwan ne bai isa ba, ko cuta ce?

Malamin Lise:
Wa alaikumus salam. Kafin ka sake tada inji, tura yatsa cikin ƙasar. In da laima, ruwa na nan, jan sa ne saiwa ba ta cim ma. Ganye na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, akasari a bayansa, mu a aji stomata muke ce musu. Ta nan iskar kabon ke shiga, ganye ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi sukari, iskar oksijin ta fita. Matsalar ita ce kabon ɗin kaɗan ne a iska, wajen kashi 0.04 cikin ɗari, dole ƙofa ta daɗe a buɗe, kuma ta nan ruwa ke tsere wa tsiro. Fiye da kashi 90 na abin da saiwa ta sha haka yake tafiya. A zafin Tawa da ke haura digiri 40, fitar ta fi shigar sauri, sai ganye ya saki jiki, ƙofofin su rufe, girkin abinci ya tsaya sai rana ta yi sanyi.

Ruwan da kake ƙarawa cika ramukan ƙasa yake yi ya kori iska, alhali saiwa ma numfashi take. Ina zargin ɗorawar nan daga nan ta fito. Masara, gero da dawa kuwa wani gini gare su, ana ce masa C4: suna tara kabon a cikin ganye, don haka ƙofa a ɗan buɗe ma ta ishe su. In kana son gani da idonka, ɗaure farar leda a reshe guda da safe, ka duba da azahar.

Tsohon Buza:
Ɗana, malam ya faɗi ta boko, ga ta gona. In ya farfaɗo da magariba, ƙyale shi. In ka iske shi a langaɓe da asuba, to wannan ƙishi ne ko ciwon saiwa. Kuma ka duba iska. Mu a kwarin Magiya tun 1975 aka fara dasa mana bedi layi-layi don tare iska, kuma hatsin da ke bayan itatuwan ya fi na fili kyan gani. Yi darni da kara ta inda iska ke bugowa, ka shimfiɗa ciyawa a gindin tumatin.

Maman Biyu:
Malam, to alobera fa? Aloberar tawa na cikin tsohon bokiti a tsakar gida, sai in yi sati uku ban tuna da ita ba, ko a jikinta.

Malamin Lise:
Hajiya, ita da abarba da dare suke buɗe ƙofofinsu. Su ɗauki kabon cikin sanyi su ajiye, da rana su rufe su yi aiki da ajiyar. Shi ya sa ba ta saurin girma.

Mai Garka a Tawa:
Na gode Malam, na gode Baba. Na ɗaura ledar jiya, kafin azahar ta yi gumi sharkaf har ruwa ya taru a kusurwa. Na bar ban ruwan rana. Darni ne dai sai na samo kara, bana dabbobi sun sa ya yi tsada.