Simulashin ɗin siginar jirgin ƙasa yana sakin hanya alhali jirgi na kai

Salam 'yan uwa, don Allah masu aikin sigina ku taimaka min, abin nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ina rubuta simulashin (kwaikwayo a kwamfuta) na intalokin, wato tsarin da ke kulle sigina da layuka don kada jirage su yi karo ko su goce, da yaren kwamfuta na Python, ƙaramar tasha ce mai babban layi ɗaya da layin kaucewa, sigina biyu da makarkatar layi ɗaya (inda ake juya dogo don jirgi ya sauya layi). In komai lafiya lau yake tafiya: jirgi ya shiga sashen dogo, rile (makunnin lantarki) na tirak sakit (tsarin lantarkin da ke gano ko akwai jirgi a sashen) ya faɗi, sigina ta koma ja, makarkata ta kulle.

Matsalar sai in na saka fault da gangan, irin wanda tsatsa ko yashi a kan dogo ke kawowa, wato ƙafafun jirgin su kasa haɗa lantarki tsakanin ƙarafan dogon biyu na ɗan lokaci. Da rile ɗin ya ɗaga ko na rabin sakan ne, sai kod ɗin ya ɗauka sashen ba kowa, ya saki hanya, makarkata ta juya taragai na kanta, a zahiri ai goce layi kenan.

Na sa jinkirin sakan 2 kafin a yarda sashe ya koma fanko, da na tsawaita fault ɗin zuwa sakan 3 abin ya dawo. Na kuma sa sharaɗin sai sashe na gaba ya nuna jirgi tukun, to dogon jirgin kaya yana taka sassan biyu lokaci guda, sharaɗin ya cika duk da haka.

Wane sharaɗi ainihin intalokin ke dubawa kafin ya saki sashen da makarkata take ciki, ta yadda fault irin wannan ba zai yaudare shi ba? Na gode.