Tsohon mashin da gwajin MOT: hira a zauren 'yan uwa mazauna Ingila

Nura Coventry: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Na ga Honda CG125 ƙirar 1988 a hannun wani dattijon Bature, ya ce fam 900. A ido dai mashin tsaf yake, amma ya shekara biyu a ajiye, MOT ɗinsa, wato gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, ya ƙare tuni. Tsorona kada in saya ya zama duk shekara sai ya faɗi gwaji. Masu tsofaffin mashina, yaya kuke fama?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. CG? Rufe ido ka saya. Wannan ko rijiya ka jefa shi ka tsamo, bugu ɗaya zai tashi.

Sadiq: Ai ma ya wuce shekara 40, ba ruwansa da MOT.

Malam Habu: Sadiq, 1988 a tara da 40 nawa ke nan?

Sadiq: Au. 2028. Na janye.

Malam Habu: Kuma da kai ake taƙama a ofishin akanta.

Alhaji Ɗanjuma: Nura ƙanena, tsaya ka ji nawa kafin ka ɗauki ta Baban Khalifa. Tashin inji daban, cin gwaji daban. A 2019 na sayi Honda CB250N, wanda suke kira Superdream, ƙirar 1982. Injinsa kamar agogo. Na hau shi bazara guda lafiya lau, da sanyi ya shigo na tura shi rumfar bayan gida na lulluɓe da tamfol, ban sake waiwayarsa ba sai Afrilu. Ranar gwaji na goge shi yana ta walƙiya, na sa mai, na tafi ina jin kaina. Mutumin bai ko kalli ƙyallin ba. Ɗaga tayar gaba ya yi, ya kama kan mashin yana juya shi a hankali dama da hagu, sai ya kira ni ya ce in taɓa da hannuna. Da kan ya zo daidai tsakiya sai ka ji ya ɗan maƙale kamar ya faɗa rami. Boris ɗin wuya ne ya ci. Ni ina hawa kullum ban taɓa lura ba, hannuna ya riga ya saba. Ya juya tayar, ta ƙi sakewa, birkin gaba ya kama saboda tsatsar zama. Shakazoba ta gaba kuma tana yoyon mai, man ya gangaro har kan farantin birki. Nan ya ce wannan ba faɗuwa kawai ba ce, ya rubuta shi a sahun masu haɗari, ba zan hau shi in koma gida ba. Sai motar kaya na kira. Kuɗin gwajin fam 29.65 ne, motar da ta ɗauko ni ta ci ninkinsa biyu da ɗoriya. Abin da ya fi ƙona min rai, in ka gyara ka mayar cikin kwanakin aiki goma, abin da ya faɗi kawai za a sake dubawa a kan rabin kuɗi. Ni kayan gyaran da na yi oda suka yi mako uku a hanya, na koma na biya daga farko. Tun daga nan ban sake barinsa ya yi wata guda bai taka titi ba, kuma bai sake faɗuwa ba. Shekara biyun nan da naka ya yi a ajiye ita ta fi ba ni tsoro, ba 1988 ba.

Nura Coventry: Ikon Allah. Alhaji kun sanyaya min gwiwa.

Baban Khalifa: Alhaji ai naku Superdream ne, mai nauyin buhun masara. CG ba shi da wannan iyayin. Birkinsa na ganga ne gaba da baya, na gaba waya ce ke ja, na baya sandar ƙarfe, babu man birki balle ya kama.

Alhaji Ɗanjuma: Wayar ba ta tsatsa ke nan?

Baban Khalifa: Tana yi, amma ɗigon mai ya ishe ta.

Maman Ilham: Ni dai roƙona Nura, in kana da iyali ka fara shawara da ita. Namu "gyaran mako biyu" aka ce min, yau shekara uku Vespa na zaune a gareji a kwance, mota na kwana a waje tana shan ƙanƙara.

Baban Ilham: Kaya ake jira daga Italiya, Hajiya.

Maman Ilham: A kan jaki suka taso?

Malam Habu: Allah ya ba ku haƙuri, a bar mana zaure lafiya.

Injiniya Bashir: Nura, kafin ka je ganinsa ka karɓi lambar mashin ɗin ka sa a shafin gwamnati na tarihin MOT. Kyauta ne. Zai nuna maka shekarun da ya ci, da waɗanda ya faɗi, da dalili, da mil nawa mita ta nuna kowane zuwa. In ka ga shekara uku a jere ana rubuta masa gargaɗi iri ɗaya, ka san mai shi ba mai gyara ba ne. Amma ka riƙe wannan: gwajin ba ya duba lafiyar inji ko giya. Ko hayaƙin mashin ba a aunawa kamar yadda ake wa mota. Mashin zai iya cin MOT da safe, injinsa ya buga da yamma. Abin da suke bi shi ne fitilu, hon, birki, taya, wili, boris, sarƙa, shakazoba, salansa, lamba da ƙashin jikinsa. Rabin waɗannan a ƙofar gida za ka duba su cikin minti goma.

Sadiq: Sigina fa? Na ji an ce tsofaffi ba dole ba ne.

Injiniya Bashir: Wanda aka fara hawa kafin 1 ga Agusta 1986 ne ba dole ba. Na Nura ya makara da shekara biyu. Kuma ba kunnawa kawai ba, sai ta riƙa ƙiftawa tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti. A nan tsofaffi ke shan kunya, batir ya yi sanyi, sigina ta tsaya cak tana kallonka, hon ya yi kukan ɗan akuya. Sabon batir da goge bakin wayoyi, shi ke nan.

Usman London: Duk wannan da sauƙi, ai na Japan ne. Ku tambaye ni da na riƙe Triumph Bonneville T140. Wayarin ɗin kamfanin Lucas, su kansu Turawan "yariman duhu" suke masa kirari. Danja ta kawo a gida, a bakin gareji ta ɗauke.

Baban Khalifa: Shi ya sa kamfanonin nasu suka mutu, Honda ya gaje su.

Usman London: Amma in Bonneville ya yi gurnani, CG ɗinka keken ɗinki ne.

Baban Khalifa: Keken ɗinkin da ke kai ni aiki kullum. Naka yana ina yanzu?

Usman London: Na sayar. ULEZ, harajin hayaƙin abin hawa na Landan, ce ta kore ni, fam 12.50 duk ranar da na fito da shi, lokacin bai shiga rajistar tsofaffin da aka yafe wa ba. Nura, ka sa wannan ma a lissafi.

Nura Coventry: Ba na zuwa Landan da shi, Yaya Usman. Gida zuwa wurin aiki ne, mil huɗu.

Malam Habu: Ni maganar Vespa ce ta tuna min da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Hedimasta ne, da ita ya yi ritaya. In ta ƙi tashi sai ya kwantar da ita gefe ɗaya ya ɗago, ya buga, ta kama. Mu yara mun ɗauka addu'a yake mata.

Baban Ilham: Amin. To ku gaya wa Hajiya darajar abin.

Maman Ilham: Tasa ai tana tashi.

Alhaji Ɗanjuma: Bari in koma kan maganar shekara 40 da Sadiq ya ɗauko, don na ga yara da yawa suna murna da ita. Tun Mayun 2018 ake ɗauke wa abin hawan da ya kai haka gwaji, matuƙar ba a yi masa babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka wuce. Gwajin aka yafe, ba a yafe maka hawa da mataccen birki ba. In aka tare ka da mashin mai haɗari, tara na iya kai fam 2,500 da makin laifi uku a lasin. Nawa ya cika 40 tun 2022, har gobe ina kai shi da ƙafata. Wancan boris ɗin da ban ji ba, wani ne ya ji min shi.

Sadiq: Alhaji kuna biyan kuɗin da gwamnati ta ce ku riƙe?

Alhaji Ɗanjuma: Kai da ka kasa haɗa 1988 da 40, bar min lissafina.

Injiniya Bashir: Na manta taya. Doka milimita 1 take nema na zanen taya, kuma mashin da aka ajiye yakan zo da zane cike kamar sabo alhali robar ta bushe ta zama ƙanzo. Duba gefenta, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In lamba uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta, ka cire kuɗin tayu biyu daga 900 ɗin nan. Ka leƙa cikin tanki da tocila saboda tsatsa. Man da ya shekara biyu a ciki kuma zubarwa za a yi, a wanke kafireta.

Usman London: Kuma kada ya sa masa fetur E10 mai yawan sinadarin ethanol, ya nemi E5. Tsofaffin robobin mai ba sa shiri da shi.

Baban Khalifa: Ni E10 nake sawa tun 2021, ban ga komai ba.

Usman London: Za ka gani.

Nura Coventry: To a taƙaice in saya ko in bari?

Injiniya Bashir: Ce wa dattijon ya kai shi MOT da kansa, in ya ci ka biya 900. In ya ƙi, ka taya 650.

Baban Khalifa: Kafin ka gama wannan cinikin wani ya ɗauke.

Malam Habu: Wai ma tukuna, Nura kana da CBT, takardar horon farko ta masu koyon hawan mashin?

Nura Coventry: Na yi, amma a 2021.

Malam Habu: Shekara biyu take yi. Taka ta riga MOT ɗin mashin mutuwa.

Maman Ilham: Nura, in Vespa za ta yi maka, zo ka ɗauka ranar Asabar da safe. Baban Ilham yana aiki ranar.

Baban Ilham: Ina cikin zauren nan fa.