Allurar birgima na fitar da baƙin ɗigon hanci? Abin da matan zumunci suka tattauna

Maman Ƴan Biyu: Salamu alaikum matan gida. Shawara nake nema. Bikin ƙanwata saura sati biyar, hancinta da haɓarta cike suke da baƙaƙen ɗigon nan da masu salon ke ce ma puwan nuwar. Shekarunta 27, ba a ce na balaga ba ne balle mu jira su wuce. Wata mai gyaran jiki ta ce a yi mata allurar birgima, wani ɗan abu mai ƙananan allurori da ake birgimawa kan fata, irin wadda ake nunawa a TikTok, wai zama biyu sun fita duka, jikka goma sha biyar kowane zama. Ta ce allurorin na buɗe ƙofofin fata, dattin ya fito. Don Allah gaskiya ne?

Mai Lalle ta Zariya: Amin wa alaikumus salam Yaya. Gaskiya ne, ni ma ina yi. Daga Kano aka kawo mini darmarola, wato allurar birgimar, bara, amare nawa na yi ma, kowace ta tashi fuska sumul kamar ta jinjiri. Ki bari a yi mata, ba za ki yi nadama ba in sha Allah.

Malama ta Farmasi: Ƴar uwa, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Tun daga maganar datti aka kauce hanya. Abin da ke cikin ramin nan maiƙon da fata ke fitarwa ne, ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata, suka toshe ƙofar da gashi ke fitowa. Bakin a buɗe yake, iska na taɓa shi, shi ya sa ya yi baƙi, kamar yadda yankakken gauta ke sauya launi in an bar shi a faranti. To ƙofar da ma a buɗe take, me allura za ta buɗe? Ita allura sabbin huji take yi a gefe, ɗaruruwa, toshiyar kuma tana zaune inda take.

Hajiya Babba: Malama, ni ba labari aka ba ni ba. A Yamai likitan fata ya yi mini zama huɗu, wata guda tsakanin kowane zama. Kumatuna da suka yi rami-rami tun ina budurwa, yau kowa ya gan ni sai ya tambaya. Kar a ɓata ma abin suna, yana aiki.

Malama ta Farmasi: Hajiya, ranki ya daɗe, maganarki ita ce hujjata. Ramukan tabo aka yi miki don su, kuma nan ne aikin allurar yake. In ta huda fata, jiki na ɗauka an ji mishi ciwo, sai ya shiga saƙa sabon nama a ƙarƙashi, wanda likitoci ke kira kolajin, ramin ya riƙa cikowa sannu-sannu. Shi ya sa aka sa miki wata guda tsakani, saƙar ba ta yiwuwa cikin kwana uku. Ko a Amurka, na'urar farko da hukumarsu ta magunguna ta amince da ita, SkinPen, a 2018, don tabon ƙurajen fuska ne ga wanda ya kai shekara 22. Ba a ba ta izini don baƙin ɗigo ba. Tabo rami ne da ya rasa nama, baƙin ɗigo kuwa rami ne da ya cika ya toshe. Maganin ɗaya ba ya yi ma ɗaya.

Mai Lalle ta Zariya: To Malama idona fa? Da hannuna nake yi, da idona nake ganin hancin ya washe.

Malama ta Farmasi: Ban ƙaryata idonki ba. Ki gaya mana abin da kike yi tun daga shigowar amarya.

Mai Lalle ta Zariya: Ina wanke fuskar, in turara ta da ruwan zafi minti goma, in sa dilka in murje, in matse manyan da auduga. Sannan in birgima abin.

Malama ta Farmasi: Kin ga inda suka fita ke nan. Turari ya tausasa maiƙon, dilka ta kwashe na sama, matsa ta fidda na ciki. Kafin ki ɗauko allura aikin ya ƙare. Santsin da ake gani washegari kuma ɗan kumburi ne, yana matse ƙofofin su yi kamar sun rufe. Ki duba amaryar bayan sati uku ki gani.

Ɗiyar Wanzami: Ku ba ni dama in sa baki, don ni cikin aska da ƙaho na tashi. Babana, Allah Ya ji ƙanshi, shekara arba'in yana wanzanci. A ƙarshen rayuwarshi ba ya yarda ya yi ma kowa ƙaho sai da sabuwar reza, a buɗe ta gaban mai ita, saboda abin da ma'aikatan lafiya suka koya musu kan ciwon hanta. Yanzu mu mata mun ɗauko abu mai allura ɗaruruwa muna birgima ma wannan, mu birgima ma waccan. Mai Lalle, don girman Allah, darmarola nawa gare ki?

Mai Lalle ta Zariya: Biyu. Amma ina jiƙa su cikin alkol bayan kowace.

Ɗiyar Wanzami: Nan ne tsorona yake. Jini na maƙalewa tsakanin allurorin inda ido ba ya kai. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya kwana bakwai da ranta cikin busasshen jini a jikin ƙarfe. Tsomawa cikin alkol ba ta kai tsarkakewar da ake ma kayan asibiti ba. Kuma mun san yadda ciwon nan yake a gidajenmu, mutum na ɗauke da shi shekaru bai sani ba.

Malama ta Farmasi: Ta faɗi gaskiya. Wurin likitoci, kan da ke ɗauke da allurorin sau ɗaya ake amfani da shi a jefar. Kuma kar a ce sai mu talakawa abin ke samu. A jihar Niyu Meziko ta Amurka an rufe wani gidan gyaran fuska a 2018, inda ake huda fuska da irin allurorin nan a shafa ruwan jinin mutum. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da rahoton mata uku da suka ɗauki ƙanjamau ta wurin, kuma an samu wurin ba ya kiyaye tsabtar kayan aiki.

Amaryar Bagalam: Ni ban so yin magana ba, amma tun da ƙanwar wata ce zan faɗa. An yi mini kafin bikina, sati biyu. Ina da ƙananan ƙuraje masu ruwa a haɓa, aka bi ta kansu. Kwana uku fuskata ta yi ja tana zafi kamar an shafa tattasai, ƙurajen suka bazu har kumatu. Da suka mutu sai suka bar baƙaƙen tabo. Ranar kamu hoda aka lafta mini har ina jin nauyinta, ina zaune cikin mayafi ina kuka mutane na cewa kukan rabuwa da gida ne. Wata bakwai ke nan, tabon bai gama tafiya ba. Kuma in faɗi laifina, lokacin ina shafa man ƙara haske, ban gaya ma mai yin ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Sannu ɗiyata, Allah Ya ba ki lafiya. Ni likitan sai da ya tambaye ni man da nake shafawa, ya ce in akwai ƙurji ɗanye ba zai taɓa ni ba. Har ya duba hujin kunnena, wai ya ga ko jikina na yin tsiron tabo.

Malama ta Farmasi: Amin. Abin da ya duba ke nan, masu yin kumburarren tabo in sun ji ciwo ba a yi musu. Mu baƙar fata kuma duk inda ta ƙone ko ta kumbura, baƙi take bari, ga ranar Maraɗi tana ƙara dafa shi. Mayukan hasken nan da yawa akwai kilobetasol ko betametazon a ciki, suna sirantar da fata, su da kansu suna kawo ƙuraje. Fatar da ta yi siriri haka a sa mata allura, ai sai abin da Allah Ya yi.

Mai Lalle ta Zariya: Na ji, kuma abin da ya samu Amarya ya taɓa ni. Amma ku ma ku ji tawa. Mace nawa ke da kuɗin motar Yamai, tafiyar yini guda, ga masauki, ga kuɗin likita har sau huɗu? Wurinmu suke zuwa don mu ke kusa da su. In mun ce ba mu yi, za su saya a kasuwa su yi ma kansu a ɗaka, abin ya fi muni. Ni har yanzu ina ganin gajeruwar allura, wadda ba ta fidda jini, ba ta da laifi.

Malama ta Farmasi: Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Gajeruwar ba ta kai doguwa haɗari ba in ta mutum ɗaya ce. Sai dai ita ma ba ta cire toshiya, to a kan me mace za ta ba da jikka talatin? Sana'arki ta turari da matsa a hankali da hannu mai tsabta ita ke aiki, ki tsaya kanta.

Maman Ƴan Biyu: To Malama yanzu me za mu yi? Kwana na tafiya.

Malama ta Farmasi: Ta nemi abin wanke fuska ko na shafawa mai salisilik asid kashi 2 cikin ɗari. Shi yana narkewa cikin maiƙo, yana shiga ramin ya sassauta toshiyar. Ta fara da dare ɗaya a tsallake ɗaya, in fuskar ba ta yi zafi ba ta koma kullum. Wanki sau biyu a yini ya isa, ban da soso, dirza ba ta fidda su. Kar ta kwana da hoda, kuma man kitso mai kauri kar ya sauko goshi. Wanda ya fi ƙarfi shi ne adafalen, amma yana son sati 8 zuwa 12, farkonshi fuska na bushewa tana saɓa, kuma ba a shafa shi da ciki ko in ana neman ciki. Ga amarya sai likita ya gan ta tukuna. Sati biyar ba za su fita duka ba, kar a yi mata alkawarin haka. Ƙananan toka-tokan nan na kan hanci ma da yawansu halittar fata ce, kowa na da su, in an matse sai su dawo.

Mai Lalle ta Zariya: Yaya, ki kawo ta in yi mata turari da matsa, kwana goma kafin biki don jan ya kwanta. Ba zan sa mata allura ba. Maganar darmarola kuma, daga yau duk mai so sai ta zo da nata sabo cikin kwalinshi.

Ɗiyar Wanzami: Tsofaffin biyun fa?

Mai Lalle ta Zariya: Zan zuba su cikin gwangwani in rufe, kar yara su tsinta a bola.

Maman Ƴan Biyu: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Malama ki rubuto mini sunan maganin yadda yake a jikin kwalba, gobe da safe in aika yaro farmasi.