Shin araha da ƙungiyar ƙwadago za su iya zama a kanti ɗaya?

Malam Habu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da manyan kamfanonin nan da suke da kantuna dubbai suna sayar da kaya da rahusa, irin su Walmart da Dollar General a Amurka. Walmart kaɗai yana da ma'aikata sama da miliyan 2 a duniya, kimanin miliyan 1.6 daga cikinsu a Amurka suke, amma a duk faɗin ƙasar babu kantinsa ko ɗaya da ƙungiyar ƙwadago take wakiltar ma'aikatansa. Hujjar da nake yawan ji ita ce, idan ƙungiya ta shiga albashi zai hau, idan albashi ya hau farashin kaya zai biyo shi, kuma wanda zai ji a jikinsa shi ne mai ƙaramin ƙarfi da ya dogara da arahar kantin, wanda sau da yawa ma'aikacin ne da kansa. Ina roƙon masu ilimin wannan fanni su warware mini abu biyu: ma'aikatan ne ba sa son ƙungiya, ko kuwa hana su ake yi? Sannan da gaske ne araha ba ta yiwuwa sai an danne albashi?

Hajiya Rabi ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Zan ɗauki tambayarka ta farko, domin tarihi ya amsa ta. A shekarar 2000 masu yankan nama a wani reshen Walmart da ke Jacksonville a jihar Texas sun kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar UFCW, wadda take wakiltar ma'aikatan abinci da kantuna, kuma suka yi nasara. Ba a daɗe ba kamfanin ya sanar da cewa zai daina yanka nama a cikin kantunansa, zai koma karɓo shi a yanke a naɗe daga waje, ya kuma ce wannan shiri ba shi da alaƙa da ƙuri'ar. Ko da mun gaskata shi, abin da sauran ma'aikata suka gani da idonsu shi ne waɗanda suka fara ɗaga hannu sana'arsu ce ta ɓace. A 2004 ma'aikatan reshen Jonquière a lardin Quebec na Kanada suka samu amincewar hukuma ga ƙungiyarsu, a 2005 aka rufe kantin gaba ɗaya da hujjar cewa ba ya kawo riba. Sai a 2014 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke cewa rufewar ta saɓa wa dokar ƙwadago ta lardin. Shekara tara ke nan tsakanin rasa aiki da samun gaskiya, kuma mai iyali ba ya iya jiran shekara tara.

Abin da ya kamata a lura da shi, wanda ni a ganina shi ne tushen matsalar, shi ne yadda dokar Amurka ta tsara kafa ƙungiya. A ƙarƙashin dokar 1935 da ta kafa NLRB, hukumar da ke kula da ƙuri'ar kafa ƙungiyoyin ƙwadago, yawanci wurin aiki ɗaya bayan ɗaya ake yin ƙuri'a. To kamfanin da yake da kantuna dubbai bai yi wata asara ba idan ya sadaukar da ɗaya, alhali ma'aikatan wannan ɗayan sun rasa abincinsu, sauran kuma sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta. Dollar General ya fi kowa nuna wannan, domin kantunansa ƙanana ne, mutane kaɗan ne ke aiki a kowanne. A 2017 ma'aikatan reshensa na Auxvasse a jihar Missouri sun zaɓi ƙungiya da ƙuri'a huɗu a kan biyu, aka yi ta ja-in-ja a gaban hukuma da kotu, daga ƙarshe a 2020 aka rufe reshen. Ƙara da cewa aikin kanti aiki ne da mutane ke shiga suna fita, kafin a gama shari'a rabin waɗanda suka sa hannu sun bar wurin. Saboda haka idan an ce maka ma'aikata ba sa so, ka tambaya tukuna me suka gani ya faru da waɗanda suka so.

Alhaji Lawal ya amsa:

Ban musa ko ɗaya daga abin da Hajiya ta kawo ba, amma ina ganin bai kamata a yi wa hujjar farashi riƙon sakainar kashi ba. Ribar da ke saura a hannun kamfani irin Walmart bayan an cire duk kuɗin gudanarwa ba ta cika wuce kashi biyu zuwa uku cikin ɗari na cinikinsa ba. Yawan cinikin ne yake mai da ita dukiya mai yawa. Albashi kuwa yana daga cikin manyan abubuwan da kanti ke kashe wa kuɗi. Idan kanti ɗaya ya ɗauki nauyin da abokin gasarsa bai ɗauka ba, mai saye ba ya duba wannan, inda ya fi araha zai nufa.

An ga haka a kudancin California daga Oktoban 2003 zuwa Fabrairun 2004, lokacin da ma'aikata kimanin 70,000 na kantunan Vons da Ralphs da Albertsons suka shafe sama da wata huɗu ba sa aiki, wasu suna yajin aiki wasu kuma kamfanoninsu ne suka rufe musu ƙofa. Rigimar a kan inshorar lafiya ce, kuma kamfanonin sun fito fili sun ce suna tsoron shigowar manyan kantunan Walmart masu sayar da abinci. Aka ƙare da yarjejeniyar da ta raba ma'aikata gida biyu, sababbin ɗauka suna samun ƙasa da abin da tsofaffi ke samu. Ke nan kantin da babu ƙungiya a cikinsa ya ja albashin waɗanda suke da ƙungiya ƙasa tun kafin ya gama kafuwa a yankin.

Hajiya Rabi ta sake amsawa:

Alhaji, misalin da ka kawo mai kyau ne, sai dai ni ina ganin ya fi ƙarfafa maganata. Abin da ya nuna shi ne matsalar tana tasowa ne idan wasu suna biya wasu ba sa biya. A ƙasashen da ake ƙulla yarjejeniyar albashi ga sana'a gaba ɗayanta, kowane kanti yana farawa daga ma'auni guda, sai gasar ta koma kan iya tsara kaya da sufuri da ingancin hidima. A 1995 kamfanin Toys R Us na Amurka, wanda bai daɗe da shiga Suwidin ba, ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar ma'aikatan kantuna. Aka yi yajin aiki na kusan wata uku, ma'aikatan sufuri suka daina kai masa kaya, na banki suka daina taɓa harkokin kuɗinsa, har sai da ya sa hannu. Irin wannan taimakon juna tsakanin sana'o'i shi ne dokar Taft-Hartley ta 1947 ta toshe hanyarsa a Amurka.

Walmart ɗin da kansa yana sassautowa inda doka ta tsaya da ƙafarta. A 2006 ya yarda da kafa rassan ƙungiyar ƙwadago a kantunansa na ƙasar Sin, ko da yake wannan ƙungiya ce da take ƙarƙashin gwamnati, ba zan kafa hujja mai ƙarfi da ita ba. A 2011 kuma, da ya sayi kashi 51 cikin ɗari na kamfanin kantunan Massmart a Afirka ta Kudu, ƙungiyar ma'aikatan kantuna ta SACCAWU ta ƙalubalanci cinikin, aka amince da shi bisa sharaɗin ba za a sallami ma'aikata saboda cinikin ba har shekara biyu, kuma za a ci gaba da mutunta yarjejeniyoyin ƙungiyar har shekara uku. A cikin Amurkar ma akwai Costco, wanda shi ma da araha ya yi suna, yana biyan albashin da ya zarce na yawancin takwarorinsa, kuma ƙungiyar Teamsters tana wakiltar wani ɓangare na ma'aikatansa.

Alhaji Lawal ya sake amsawa:

Game da Costco ina da ja, Hajiya. Masu sayayya a wurinsa kuɗin rajista suke biya duk shekara, nau'in kayansa kaɗan ne, ana sayensu da yawa a lokaci ɗaya, kuma galibin masu zuwa masu ɗan hali ne. Cinikin da ma'aikaci ɗaya ke kawo masa ya ninka na ƙaramin kantin ƙauye, don haka ba zan auna Dollar General da shi ba. Maganar yarjejeniyar sana'a gaba ɗaya kuwa na karɓe ta, domin ita ce ta amsa damuwata.

Malam Habu ya rubuta:

Na gode muku ƙwarai, Hajiya da Alhaji, Allah ya ƙara sani. Abin da ya rage mini shi ne batun kantunan rahusa na Aldi da Lidl, waɗanda suka taso a Jamus inda doka ta ba ma'aikatan duk wurin da ya kai mutum biyar damar zaɓen majalisar da za ta wakilce su, amma yanzu suna buɗe rassa a Amurka ƙarƙashin wata dokar dabam. Idan akwai wanda ya san yadda suke tafiyar da ma'aikatansu a can idan aka kwatanta da gida, ina so in ji, domin a nan ne za a iya gane ko halin kamfani ne yake bin sa duk inda ya je, ko kuwa dokar ƙasar da ya sauka ce take juya shi.