Fentin ƙananan tankokin yaƙi a cikin hunturu: yaya kuke fama da ƙura?

Daga Gusau: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na gama haɗa ƙaramar tankar roba samfurin T-72 ta kamfanin Tamiya, ma'aunin 1/35, wato ta gaskiyar ta ninka ta sau 35 a tsawo, tsawonta har bakin igwa kusan santimita 27. So nake ta fito irin waɗanda sojojinmu suka yi aiki da su a arewa maso gabas a 2015. Haɗin bai ba ni wuya ba, har tayoyin nan shida-shida na kowane gefe. Fenti ne ya tsaye mini. Tun da hazon nan ya sauko, duk abin da na fesa sai ya fito da kaushi kamar sanfefa. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka.

Daga Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam ƙanena. Abu biyu ne suka haɗe maka. Akwai ƙurar da ke sauka kan ɗanyen fenti, akwai kuma bushewar iska. Fentin ruwa idan ya bar bakin bindigar feshi a irin wannan yanayi, rabinsa a iska yake bushewa, sai ya isa jikin robar yana gari. Ni matso da hannu nake yi, in rage ƙarfin iskar, in ƙara tsinka fentin. In fentin na kamfanin Vallejo ne, nakan ɗiga ɗan gilisarin, irin wanda uwargida ke shafa wa yara a ƙafa saboda faso. Ɗigo ɗaya tak. Ka zarce, fentin zai kwana yana danƙo.

Sannan kada ka goge robar da busasshen tsumma kafin feshi. Gogar ce ke sa ta riƙa jawo ƙura da kanta. Wanke ta da ruwan sabulu, ka kife ta ta tsane.

Daga Argungu: Gaskiyar Yaya ce. Ni bayan sallar asuba nake feshi, kafin a fara shara a tsakar gida. In yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, in na gama in kifa mata robar wanki. Sai azahar nake ɗagawa.

Daga Ƙaura Namoda: Ku masu kayan waje ke nan. Mu nan da kwali da gwangwanin madara muka saba, tun muna yin motar kara. Bara ni da almajiraina biyu munka ƙera Ezugwu, motar sulken nan da DICON ta Kaduna, ma'aikatar ƙera makamai ta gwamnati, ta fito da ita a 2019, daga hotuna kawai munka auna ta. Fentin gwangwani na masu gyaran babur munka fesa, kuma kwali bai damu ba. Amma Malam na Gusau, kada ka kuskura ka kai shi ko tinar masu fentin mota jikin robarka. Na ga ta wani abokina, gaban tankar ya yamutse, ƙananan ƙusoshin da anka zana duk sun narke.

Daga Talatar Mafara: Ni fa ban ga abin tashin hankali ba in kaushin kaɗan ne. Hasumiyar T-72 ta gaskiya, wato saman nan mai juyawa da igwa, zubin ƙarfe ce, jikinta dama ba sumul yake ba. Inda kaushi ke ɓata aiki shi ne wurin manna lamba, don iska na maƙalewa a ƙarƙashi ta yi fari-fari. Wurin kaɗai nake gogewa.

Kuma tankar da ta yi yawo a daji ba ta zama fes. Na daina sayen garin launi na waje da ake shafa mata don ta yi kamar ta sha ƙura. Jar ƙasar bakin hanya nake ɗebowa, in tankaɗe ta da tsohon ɗankwali sau biyu, in dama da ruwa da ɗan farin gam na kafintoci, in cusa da burushi tsakanin tayoyi da sarƙa. Sama kuwa busasshiya nake shafawa sama-sama.

Daga Birnin Kebbi: Alhaji, a nan ban bi ka duka ba. A ma'aunin 1/35, ƙwayar yashi mai kaurin milimita ɗaya ta zama tsakuwa mai santimita uku da rabi. A sarƙa ta yi, amma a saman hasumiya ido na kamawa. Ni sai na niƙa tawa a turmin daka yaji tukuna, kuma nakan sirka ta da farar ƙasar bakin gulbi, don ja zalla tana yin duhu in gam ya taɓa ta.