Taƙaitawar muhawara kan laƙabin shugabannin ƙasashe

1. Mafi yawan masu magana sun yarda cewa asalin kalma ba ya ɗaure ikon mai riƙe da ita. Kalmar minista a Latin tana nufin hadimi, amma Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ke riƙe da ragamar gwamnati a 1963, lokacin da Nnamdi Azikiwe yake shugaban ƙasa na girmamawa.

2. An yi ittifaƙi kan kalmomin Larabci: Sultan daga iko, Amir daga umarni, Halifa kuwa magaji.

3. Ra'ayi ya rabu kan kalmar shugaba. Wasu sun ce daga "shiga gaba" ta samo asali, wasu kuma sun ce kunne ne kawai ya haɗa su.

4. Shawarar da ta fi nauyi, a ganina, ita ce a daina cusa kowa cikin "shugaban ƙasa", domin Shehu Shagari da aka zaɓa a 1979 da sojojin da suka kifar da shi a 1983 ba hanya ɗaya suka bi ba. A Jamus ma, mai riƙe da ragamar mulki, wato Chancellor, shugaban gwamnati ne, ba shugaban ƙasa ba.